Darasi Ga 'Yan Ƙungiya: Idan Injin Jirgin Fito Ya Ƙi Tashi

A wannan fitowa an nemi in ɗan yi bayani a kan wani abu da ba dabba ba ne, amma ya sha jawo asarar dabba, watau injin jirgin fito, da yadda ake bi da shi in ya ƙi tashi.

Na san wani zai ce me ya haɗa falke da inji, ai wannan aikin rayyis ne mai jirgi. To ɗan'uwa, garinmu yana gaɓar yamma ta Bahar Azraƙ, kasuwar Tambul da makiyayar Butana kuwa suna gabas. Wanda ya sayo dabba can, ko dai ya zagaya ta gadar Rufa'a da Hasahisa, ko ya jira bantun, ko kuwa ya shiga ƙaramin jirgin ƙarfe mai inji a gindi. Da yawanmu na ukun muke bi in kaya ba su da yawa. Kakanninmu da suka zauna bakin wannan kogi, tun zamanin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya iso ƙasar nan bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san ruwa, sun san filafili. Mu kuwa mun ajiye filafili mun dogara da inji, alhali ba mu san cikinsa ba. Ran da ya tsaya a tsakiyar ruwa, jirgin na rayyis ne, amma dukiyar da ke ciki taka ce, ko ma ta mutane da suka ba ka amana.

Abin da ya same ni

A ƙarshen watan Agusta na 2017, saura 'yan kwanaki babbar salla, na taso daga Tambul da raguna 28 da maruƙa 2. Kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, mu uku muka haɗa. Mota ta sauke mu a gaɓar gabas, wata kuma tana jiranmu a Kamlin don ta wuce da mu Umdurman. Ruwa ya cika ya yi jawur, yana tafe da itace da yayi. Mai jirgin ba ya nan, ɗansa ne yake fito, saurayi ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka. Muka loda dabbobi tsaf, sannan ya ja igiya, inji ya tashi da ja ɗaya. Na ce madalla.

Mun kusa tsakiya sai inji ya fara tari, ya yi ƙasa, ya mutu. Yaro ya ja, ya ja, ya sa cok, ya cire cok, har tafin hannunsa ya saɓule. Jirgi ya juya ya ba ruwa gefe, igiyar ruwa ta kwashe mu ta yi arewa da mu. Filafili ɗaya ne a jirgin, shi ma a tsage. Dabbobi suka firgita suka taru gefe guda, maraƙi ɗaya ya tsinke igiya ya faɗa, ya ja raguna biyu. Ina ji ina gani ruwa ya tafi da su.

Can ƙasa da gari wani dattijo masunci ya tare mu da kwalekwalensa, ya taimaka muka kai gaɓa cikin taɓo. Ya hau jirgin, bai ko taɓa injin ba. Tankin mai ya duba, ya ga robar famfon da ke jikin tiyo ta motse kamar busasshen lemo. Ya murɗa ɗan sukurun da ke kan murfin tanki, sai muka ji iska ta shiga, fuuu. Ya matsa famfo har ya yi tauri, ya ce, "Ɗana, ja." Ja biyu inji ya tashi. Na ce, "Baffa, shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan, Alhaji. Kun toshe masa hanci, kuna so ya yi gudu."

Ashe yaron ya rufe sukurun da rana don kada mai ya zube lokacin da ya ɗauko tanki daga gida, ya manta bai buɗe ba. Murɗa ɗaya ta yatsa biyu, ita ta ci maraƙi da raguna biyu, motar da ke jira ta tafi, muka shiga kasuwa a makare. Tun daga ranar na ɗaura niyyar koyo, na zauna da ustoci da masunta, na kuma karanta ɗan littafin da ke zuwa da inji. Abin da na tsinta shi ne zan ba ku.

Tushen darasin

Injunan da aka fi gani a kogin nan na fetur ne, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40, waɗanda ake gauraya musu fetur da mai. Irin wannan inji abu uku yake bukata ya tashi: mai ya iso shi, wuta ta kama a bakin fulogi, sannan cikinsa ya iya matse iska. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun ne ya ɓace, domin ruwa ba ya tsami banza.

Ku da kanku kun san yadda muke duba sa a kara. Ba wanda yake fara yanka shi don ya ga hanta. Ido ake fara dubawa, da hanci, da haƙori, da tafiya, da kashi. Haka inji. A fara da abin da ke waje, mai arha, wanda hannu ke kaiwa, kafin a ɗauko sifana. Yawancin abin da ke hana inji tashi ba ya kai ga kwance ko da noti ɗaya. Kuma in an ja igiya sau biyar ko shida bai amsa ba, a tsaya a duba. Ƙarin ja ba ya ƙara komai sai gajiya.

Mataki na 1: abubuwa huɗu na ido

Na farko, makullin kashe inji. Akwai wata 'yar roba a bakin jar igiya mai lanƙwasa, wadda ake cusawa ƙarƙashin maɓallin kashewa. In ba ta zauna daidai ba, wuta ba za ta zo ba ko da za a kwana ana ja. An yi ta ne don in direba ya faɗa ruwa inji ya mutu nan take, saboda haka a hannunsa ya kamata igiyar ta kasance.

Na biyu, giya ta kasance a firi. Injuna da yawa ba sa barin igiya ta jawu in giya na ciki.

Na uku, hancin tanki, watau sukurun nan na kan murfi da ya ci mini dabbobi. A buɗe shi. Alamar a rufe yake ita ce inji ya tashi lafiya, ya yi 'yan mintoci, sannan ya mutu, famfo kuma ya motse.

Na huɗu, a ɗaga tankin a girgiza a ji nauyinsa. Kada a yarda da allurar da ke kan murfi, takan maƙale. In mai kaɗan ne kuma jirgi ya karkata saboda nauyin dabbobi, bakin bututun da ke ciki yana iya rasa man.

Mataki na 2: bin hanyar mai

A bi tiyo da hannu daga tanki har inji. A tabbata bakinsa biyu sun shiga sun kama. A duba ko buhu ko jarka ko ƙafar rago ta danne shi, wannan yana faruwa ƙwarai a jirgin da ya ɗauki dabbobi. A jikin famfon roba akwai alamar kibiya, dole ta fuskanci inji. A ɗaga bakin kibiyar sama a yi ta matsawa har famfon ya yi tauri. In ya ƙi tauri, ko dai babu mai, ko tiyo ya tsage yana shan iska, ko famfon ya lalace. In ya yi tauri amma ana jin warin fetur yana ɗiga daga kafireta, to matsalar tana can.

Sai cok. Inji mai sanyi, wanda ya kwana, yana son cok, da totur a kan alamar tayarwa. Da zarar ya yi tari ko ya tashi, a mayar da cok. Inji mai zafi, wanda bai daɗe da tsayawa ba, ba ya son cok sam. In aka yi ta ja da cok a rufe, sai ya sha mai ya ƙware. Alamarsa warin fetur mai ƙarfi, da fulogi jiƙe sharkaf. Maganinsa a cire cok, giya tana firi, a ƙara totur, a ja sau da yawa har ya amayar da man. Da ya tashi a rage totur nan da nan. In bai yi ba, a cire fulogi a shanya, a jira kamar minti goma.

Yanzu ga babbar magana, watau man kansa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, mutane da yawa sun koma sayen fetur a jarka da kwalba, wanda ba a san hannu nawa ya bi ba. Gwaji biyu ne kowa zai iya yi. Ka zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti goma. In da ruwa, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, domin ya fi fetur nauyi. Sannan ka ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda tun kafin a gauraya shi da mai. Fetur mai kyau yana bushewa ya ɓace, wanda aka haɗa da jaz kuwa yana barin tabon maiƙo. Haka kuma fetur da ya yi watanni a tanki cikin zafin nan namu yakan lalace, ya yi danƙo ya toshe ƙofofin kafireta, waɗanda ba su fi kafar allura ba.

In ana zaton ruwa ya riga ya shiga, a kwance ɗan kofin matata da ke ƙarƙashin murfin inji a zubar a wanke. A ƙasan kafireta ma akwai sukuru na zubarwa. A tara tsumma, a sassauta shi, a bar abin da ke ciki ya fita, a matsa famfo har mai mai tsabta ya biyo, sannan a ɗaure. In an sassauta ba abin da ya fito, to mai ba ya isowa, a koma baya a sake bin tiyo.

Game da gauraye, yawancin waɗannan injuna kashi 1 na mai ake sa wa kashi 50 na fetur, amma a duba littafin injin ko rubutun jikinsa, domin sabon inji yakan nemi ninki biyu a kwanakinsa na farko. Galan ɗinmu lita 4.5 ne, saboda haka mililita 90 yake ci. Jarka mai galan 4 tana cin mililita 360. Tanki mai lita 25 yana cin rabin lita. Kada a auna da ido. Mu da muke da sirinjin allurar dabbobi ba mu da uzuri: a ware sabo guda, a auna da shi sau ɗaya a cikin kwalba, a yi wa kwalbar zane, ta zama mudu. Kuma a sa man da aka yi don injin jirgin ruwa. Baƙin man mota yana daskarar da gawayi a bakin fulogi. In mai ya yi yawa fulogi ya toshe, in ya yi kaɗan inji ya ƙone, na biyun kuwa shi ne mai tsada.

Mataki na 3: wuta

In mai yana isowa amma shiru, a ciro fulogi. Bakinsa yana ba da labari kamar yadda haƙorin sa ke faɗin shekarunsa. In ya bushe ƙayau bayan an sha ja, mai ba ya shiga. In ya jiƙe da fetur, ya ƙware ko babu wuta. In ya yi baƙi da maiƙo, mai ya yi yawa a gauraye ko fulogin ya tsufa. In da ɗigon ruwa a jikinsa, akwai ruwa a man, ko ruwa yana shiga cikin inji. Lafiyayye launin ƙasa-ƙasa yake.

Ga yadda ake gwada wuta. A goge duk fetur da ya zube, a kashe taba, a nisantar da tanki. A mayar da fulogi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da ƙarfen inji nesa da ramin da ya fito, a riƙe ta roba da busasshen tsumma. Makullin kashewa yana wurinsa, wani ya ja igiya. Wuta shuɗiya mai ƙara ƙyas-ƙyas ita ake nema. In ja ce mai rauni, ko babu, a sa sabon fulogi a sake gwadawa. In sabo ma bai ba da wuta ba, a duba wayoyi ko wata ta saki ko ta yi tsatsa, musamman ta maɓallin kashewa. In duk suna daidai, to magana ta kai ga kwayil ko akwatin wuta, wannan sai usta.

A sayi fulogi mai lamba ɗaya da wanda kamfani ya rubuta. A na NGK, in lambar ta ƙare da 10, tazarar bakinsa milimita 1 ce. Wajen mayarwa a fara ɗaurawa da yatsa har ya zauna, sannan a ƙara da sifana, sabo kwata zuwa rabin juyi, tsoho ƙasa da haka. Kan injin alminiyam ne, wanda ya sa ƙarfi zai cinye zaren, ya mai da gyaran minti biyar ya zama na mako.

Mataki na 4: matsi

Wannan hannu ne ke jinsa. Lafiyayyen inji yana turjewa in ana jan igiya. In igiya tana zuwa salalau ba nauyi, cikinsa ya saki. A cire makullin kashewa don kada wuta ta zo, a ciro fulogi, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya ja. Ya kamata iska ta ture yatsan da ƙarfi, kuma ramuka biyun su yi daidai da juna. In ɗaya ya yi sanyi, zoben fistin ko gasket ya tafi. Ba a gyara wannan a bakin ruwa. A sauke dabbobi a nemi wani jirgi.

In kuwa igiya ta ƙi jawuwa gaba ɗaya alhali giya tana firi, kada a sa ƙarfi. A ciro fulogi duka a gwada a hankali. In ruwa ko mai ya feso daga ramin, shi ne ya cika shi. In har yanzu ta ƙi motsi, inji ya kafe, sai wurin usta. Injin da ya faɗa ruwa kuwa, a ranar za a kai shi, domin kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fara cin cikinsa.

Bayan ya tashi

Tashi ba shi ne ƙarshen dubawa ba. A leƙa bayan inji a ga ɗan ruwan nan da yake tsartuwa, wanda masu jirgi ke kira fitsarin inji. Shi ke nuna ruwan sanyaya yana zagayawa. In bai fito ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe. A zura siririyar waya a ramin, a kuma duba ƙofofin shan ruwa da ke ƙasa kusa da farfela, ko leda ko ciyawa ta rufe su. Mai tura wannan ruwa wata 'yar fanka ce ta roba, kuma yashi da laka su ne ajalinta. Gaskiya ne tun da babbar madatsar Habasha ta fara tare ruwa a 2020 halin kogin ya canza, amma Dindir da Rahad suna shigo masa da nasu jan ruwan a damina kafin ya iso mu. A canza robar nan sau ɗaya a shekara, kafin cikar ruwa. Kuma kada a tayar da inji a tudu ba ruwa, ko na rabin minti ne, domin robar za ta ƙone.

Masu injin jaz, ko a jirgi ko babur na ban ruwa a lambun bakin kogi, su ba su da fulogi. Abin da ya fi hana nasu tashi shi ne iska a hanyar mai, musamman bayan tanki ya ƙare. A sassauta sukurun fitar da iska a kan matata, a yi ta famfo har kumfa ta ƙare, a ɗaure. In mai batir ne, a kankare kawunan batir a ɗaure su tam, kuma kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma a lokaci guda.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake roƙon kowane ɗan ƙungiya ya riƙe, kuma ya koya wa yaransa masu rakiyar dabbobi:

1. Kada dabba ko ɗaya ta hau jirgi sai inji ya tashi ya yi minti biyar yana aiki, jirgi yana ɗaure, ka ga fitsarinsa da idonka, ka kuma ga hancin tanki a buɗe. Kuskurena ke nan a 2017, na loda kafin a tayar.

2. Ka tambayi rayyis, cikin girmamawa, ya nuna maka fulogi biyu sababbi, sifanar fulogi, sukudireba, filaya, igiyar tayarwa ta ajiya, da filafili biyu masu lafiya. Mai jirgin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

3. A raba nauyi daidai dama da hagu, manyan dabbobi a tsakiya. A ɗaure su gajere, da ƙullin da ja ɗaya ke warware shi. Tanki da tiyo su kasance inda kofato ba ya kaiwa.

4. In ruwa ya cika, a rage kaya a yi sawu biyu. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta wuce ta 1946 da ta 1988 a ma'aunin Hartum, ya san wannan kogi ba abokin wasa ba ne. Kuma kada a yi fito bayan faɗuwar rana.

5. In inji ya mutu a tsakiya, mutum ɗaya ne zai duba shi. Sauran su zauna ƙasa, biyu su kama filafili su daidaita goshin jirgi kada ya ba ruwa gefe, su bi ruwa suna karkatawa zuwa gaɓar da ta fi kusa. Kada a yi gardama da igiyar ruwa don a sauka daidai gari. In za a jefa anga, ta goshi ake jefawa, ba ta gindi ba.

6. A yi magana da mai jirgi tun a tudu, gaban shaidu, a kan wanda zai ɗauki asara in ta faru. Mu ba mu yi ba, shi ya sa muka raba asarar mu uku, muka bar yaron da kunyarsa.

Wannan shi ne ɗan abin da na sani. Wanda ya fi ni sani a cikin masu karatu, musamman 'yan'uwanmu na Sinnar da Damazin da suka fi mu zama cikin jirgi, ya aiko da gyara ko ƙari ta hannun sakatare, za a buga a fitowa ta gaba. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu a tudu da ruwa, Ya sa albarka a kasuwa, amin.